Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lafiya da Hukumar NACA: Ku Duba Mu Tun Sankara Ba Ta Ci Ƙarfinmu Ba

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya na Tarayya, da shugabannin Hukumar Yaƙi da Cutar Ƙanjamau ta Ƙasa, wato NACA, da Kwamishinonin Lafiya na jihohin Arewa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ranku ya daɗe, ni uwa ce, shekarata 17 ke nan ina shan maganin cutar da ke karya garkuwar jiki, wato HIV. Ina aikin sa-kai a ɗakin karɓar magani na wani asibitin gwamnati. A nan nake zama da masu juna biyu da aka yi wa gwaji sakamako ya zo musu ba yadda suke so ba, in rarrashe su, in ba su labarin 'ya'yana biyu da na haifa bayan na san matsayina, dukansu lafiya ƙalau. Da yawun ƙungiyarmu nake magana, maza da mata, Musulmi da Kirista, da muke haɗuwa duk Asabar ɗin ƙarshen wata a inuwar darbejiyar da ke bayan ɗakin magani. Ban sa sunana ba. Akwai dokar hana tsangwama ta 2014, amma har yau ana fasa auren yarinya saboda abin da aka ji game da uwarta, ni kuwa ina da 'yar da ta isa aure.

Yaba kyauta tukuici. Mu da muka ga farkon al'amarin nan ba za mu manta da shekarun da ake shigo da mutum a kafaɗa ba, ya rame kamar kara, bakinsa fari fat. Yau ƙwaya ɗaya muke haɗiya a rana, kyauta, mu tafi kasuwa, mu tafi gona, mu aurar, mu yi jika. Da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a watan Janairun 2025, hankalinmu ya tashi ƙwarai, muka kuma ji Majalisar Zartarwa ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen maganinmu. Mun gode. Tun da yanzu ƙasa ce ke ƙoƙarin ɗaukar nauyinmu da kanta, ana sake tsara yadda za a kula da mu, muka ga lokaci ya yi da za mu kawo kukan da ya daɗe yana cin mu.

A cikin shekara biyun nan mun yi jana'izar mutum huɗu daga ƙungiyarmu. Dukansu masu kiyaye magani ne. Uku daga cikinsu, gwajin jininsu na ƙarshe ya nuna ko ganin ƙwayar cutar ba a yi. Sankara ce ta ɗauke su: biyu ta bakin mahaifa, ɗaya ta hanta, ɗaya ta kaluluwa. Kowace daga cikin waɗannan kuwa akwai wata ƙwayar cuta daban da ke bayanta.

Na san ba ku zan koya wa wannan ba, amma 'yan'uwana za su karanta, bari in faɗa yadda likitoci suka fahimtar da mu. Akwai ƙwayoyin cuta da ɗimbin mutane ke yawo da su ba su sani ba. Akwai HPV mai haddasa sankarar bakin mahaifa da ta dubura. Akwai ƙwayoyin ciwon hanta nau'in B da C. Akwai EBV da ke da hannu a wasu nau'o'in sankarar kaluluwa, da HHV-8 mai kawo sankarar fata da ake kira Kaposi. A jikin mai cikakkiyar lafiya sojojin jiki ne ke danne su. Yawancin matan da suka ɗauki HPV, jikinsu na korar ta da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Mu kuwa sojojinmu ne cutar ta fara ci. Magani ya dawo mana da yawancinsu, ya kuma rage haɗarin Kaposi da sankarar kaluluwa sosai, amma bai mai da mu daidai da kowa ba, musamman a maganar bakin mahaifa.

Da ita zan fara, domin ita ta fi yi mana ɓarna, ita ce kuma ta fi sauƙin tarewa.

Ina da ƙawa, tela ce, shekara tara muna zama a benci ɗaya ranar karɓar magani. Duk zuwa abu guda ne: a ɗora ta a sikeli, a auna jini, a tambaye ta ko tana tari, ko tana gumin dare, a ƙirga ragowar ƙwayoyinta, a rubuta ranar dawowa. Ba a taɓa tambayarta ko tana ganin jini ba lokacin al'ada ba. Ashe ta fi shekara tana ganin jini bayan kwanciyar aure, sannan wani ruwa ya riƙa zubo mata. Ta ɗauka sanyi ne. Ta sayi maganin sanyi a kemis, ta sha sassaƙe, ta yi ta tsarki da ruwan bagaruwa. Ta je wajen malamar Islamiyya ta tambayi hukuncin sallar mai jinin istihala, aka ba ta amsar addini daidai, amma babu wanda ya ce mata je ki a duba ki. Na fara lura ne da ta daina zama kusa da ni, sai ta koma can ƙarshen benci, hijabinta ya sha turaren wuta fiye da ƙima. Ranar da na ja ta bayan ɗakin magani na matsa mata, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, wari nake yi, ni kaina ba na son kaina."

Ko da aka duba, abin ya wuce a yi aiki. Aka ce sai an gasa ciwon da na'ura, a wani gari mai nisa. Ta sayar da keken ɗinkinta, muka yi karo-karo muka cika mata kuɗin mota da na masauki. Ta isa ta tarar da layi, aka ba ta rana ta dawo, aka sake ba ta wata ranar. Ba ta kai ta biyun ba. Allah ya jiƙanta.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yi imani da haka. Amma abin da ke hana ni barci shi ne wannan baiwar Allah ba ta guje wa asibiti ba. Shekara tara tana kawo kanta da ƙafarta. A tsawon lokacin nan ba a samu minti goma da za a sa labule a duba ta ba. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. Ma'aikaciyar jinya za ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa, inda ya fara lalacewa sai ya yi fari. In an gani tun bai zama sankara ba, akwai 'yar na'ura mai batir da ake ɗora wa wurin ta ƙone shi da zafi, mace ta tashi ta tafi gida a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jikin mace mai ƙarfin garkuwa, HPV kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, amma in garkuwa ta yi rauni, shekara 5 zuwa 10 ta isa. Ko a gajeren lissafin, lokacin da ƙawata ta yi a kan bencin nan ya ishi a gano abin.

Ranku ya daɗe, alƙaluman suna hannunku. Mace mai ɗauke da HIV ta fi wadda ba ta da ita haɗarin kamuwa da sankarar bakin mahaifa har ninki shida. A 2020 an ƙiyasta mata 12,000 ne suka kamu da ita a Najeriya, 8,000 suka rasu. Binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da HIV a ƙasar nan, kuma tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kashi 1.9 cikin 100 na mata ne ke da ita, maza kashi 0.9. Duk wanda ya leƙa ɗakinmu ranar asibiti zai ga gaskiyar wannan da idonsa, hijabai da gyale sun fi huluna yawa nesa ba kusa ba. Tun 1993 aka sa wannan sankara cikin cututtukan da ke nuna HIV ta kai matakin ƙanjamau. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce mu a fara duba mu tun muna shekara 25, ba 30 ba kamar sauran mata, a kuma maimaita gwajin HPV duk shekara 3 zuwa 5. Wata likita ta taɓa gaya mana cewa a 2008 lambar yabo ta Nobel ɗaya aka raba tsakanin Bajamushen da ya gano HPV ce ke kawo wannan sankara, Harald zur Hausen, da Faransawa biyu da suka gano HIV. Masana sun daɗe da sanin cututtukan nan biyu tare suke tafiya. A yawancin asibitocinmu kuwa kowace da ƙofarta, da katinta, da kuɗinta.

Ban ce ba a yin komai ba. Akwai lokacin da wani shiri ya zo asibitinmu, aka horar da ma'aikatan jinya biyu, aka riƙa duba mata duk Talata. Da shirin ya ƙare, sai safar hannu ta ƙare, ruwan khal ya ƙare, aka yi wa ɗaya ma'aikaciyar canjin wurin aiki, aka mai da ɗakin ma'ajiyar kwalaye. A ƙananan asibitocin karkara, inda yanzu ake tura mutane da yawa su karɓi magani kusa da gida, abin bai ma taɓa isa ba. Ga kuma sabon tsari na ba da maganin wata uku ko wata shida a lokaci guda. Ya rage mana kuɗin mota, muna murna da shi, amma ya kuma rage haɗuwarmu da ma'aikata. Matar da ke zuwa sau biyu a shekara, in ba a duba ta a ɗayan biyun ba, shekara ta tafi. Sannan kun san mu da kunya. Na ga matan da suka yarda a duba su, da suka leƙa suka ga namiji ne, suka ja mayafi suka fice.

Kuka na biyu a kan 'ya'yanmu ne. A watan Oktoban 2023 Najeriya ta shigar da rigakafin HPV cikin alluran da ake yi wa yara, don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, aka sa burin kaiwa ga miliyan 7.7. Wannan babban alheri ne, domin nau'o'in HPV biyu, na 16 da na 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara, allurar kuma tana tare su. Ni da kaina na bi gida-gida a unguwarmu ina ƙaryata masu cewa tana hana haihuwa. Sai dai allura ɗaya ake yi. Ga yarinya mai lafiya ta wadatar, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ɗauke da HIV tana buƙatar aƙalla biyu, in da hali uku. To wace yarinya ce za ta ɗaga hannu a layin makaranta, a gaban ƙawayenta da malamanta, ta ce ni a ƙara mini? Da yawa daga cikin waɗanda aka haifa da cutar ma iyayensu ba su kai ga gaya musu ba tukuna, sun ɗauka maganin ƙarin jini suke sha. Waɗannan yara su ne suka fi kowa buƙatar kariya, su ne kuma aka bari da rabinta.

Na uku, hanta. Binciken NAIIS ya sami ciwon hanta nau'in B a jikin kusan kashi 8 cikin 100 na manya a ƙasar nan. In ya haɗu da HIV ya fi saurin cin hanta, ya kai ga sankara. Akwai sa'ar da muka yi: a cikin sinadarai uku da ke ƙwayar TLD da yawancinmu ke sha, biyu, wato tenofovir da lamivudine, suna danne ƙwayar ciwon hanta B ma. Amma wannan sa'a na da ƙaiƙayi. Wanda ke da ciwon hanta bai sani ba, in ya tsayar da magani, ko aka canza masa zuwa wanda ba ya taɓa hanta, ciwon kan taso masa da ƙarfi har ya halaka shi. A watannin fargabar 2025 na san mutanen da suka riƙa tsallake rana don maganinsu ya daɗe. In ka tambaye su matsayin hantarsu, ba su sani ba, domin gwajin HIV kyauta ne, na hanta kuwa a wurare da yawa sai ka biya.

Mamacinmu na uku direba ne, mai iyali. Idonsa ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce, ya yi ta shan saiwa da jiƙo. Sai da cikinsa ya kumbura ya kasa ɗaura tazuge aka ɗauki hoton hantar. Wata biyu ya ƙara a duniya. Matarsa da 'ya'yansa mu muka matsa musu suka je gwaji, da kuɗinsu. Mu a Arewa muna da ƙarin dalilin damuwa, domin gubar da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, in ta haɗu da ciwon hanta B, haɗarin sankara ninkuwa yake yi. Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, har da na hanta a ciki. Abu ne mai kyau, amma wanda aka gaya wa yana da shi, a gaya masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa gobe. Nau'in C ma yanzu ana warkewa daga shi da ƙwayoyin mako 12, in mutum ya sani, in kuma yana da abin saye.

Kaposi da sankarar kaluluwa sun fi kama waɗanda suka makara ba su fara magani ba, ko suka bari suka dawo, yawancinsu maza. Hotunan Kaposi da aka nuna mana a wajen horo a jikin Turawa aka ɗauka, tabo ja ko shunayya. A fatarmu baƙi ne, kamar inda aka buge. Yakan fito a ƙafa da tafin ƙafa da ganɗa, ƙafar ta kumbura ta yi tauri. Ma'aikacin da bai ce wa mutum cire takalmi, buɗe baki ba, ba zai gani ba. Mai ciwon kuma an riga an gaya masa a gida cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, sai ya nufi wanzami a yi masa sakiya. Kaluluwa kuwa, da zarar ta fito wa ɗayanmu a wuya sai a ce tarin fuka ne, kuma sau da yawa shi ɗin ne. Amma yaron da muka rasa, ɗan shekara 26, ya shanye maganin tarin fuka na wata shida cif, ƙullutun na ƙara girma, kafin wani ya ce a yanki tsoka a kai ɗakin bincike. Ko a nan ma sai da aka jira uwarsa ta haɗa kuɗin.

Daga nan sai tsadar magani. Wanda ya saba karɓar maganinsa kyauta, rana ɗaya a miƙa masa takardar kuɗin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ya duba ya ninke ya sa a aljihu ya koma gida. Asusun tallafa wa masu sankara da Gwamnatin Tarayya ta kafa ya fara ne da nau'i uku, ta mama da ta bakin mahaifa da ta 'prostate' da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, a 'yan manyan asibitoci. Mai Kaposi da mai kaluluwa ba su ga sunansu a ciki ba.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga roƙonmu.

Ku mai da gwajin bakin mahaifa wani ɓangare na kulawar HIV, kyauta, a ɗakin da muke karɓar magani, a ranar da muka zo, a hannun mace. Ku sa shi cikin kasafin kuɗin gwamnati, da ruwan khal ɗinsa da safar hannunsa da na'urar ƙonawa, don kada ya mutu ranar da wani shiri ya naɗe tabarmarsa. Inda ake da na'urar GeneXpert ta gwajin tarin fuka, ita ma tana iya gwajin HPV, ku sayo mata kayan aikin, ku ba mace tsinken auduga ta shiga bayan labule ta ɗebo da kanta. Wadda aka ga alama a jikinta, a yi mata magani a ranar in zai yiwu. In sai an tura ta gaba, a haɗa ta da ɗayarmu ta raka ta, mun iya wannan aikin, shi muke yi wa masu ciki shekara da shekaru.

Ku kawo allurar HPV ɗakin yara da matasa masu karɓar magani, a cika wa 'yan matanmu ta biyu da ta uku a asirce, a kuma duba yiwuwar haɗawa da waɗanda suka ɗan haura 14.

Ku yi wa duk mai shan maganin HIV gwajin ciwon hanta B da C kyauta, a rubuta sakamakon a katinsa, kada a canza wa kowa magani sai an duba wannan layin. Wanda ba shi da B a yi masa rigakafi, jaririn da aka haifa a gida kuma a san yadda allurar hanta za ta same shi cikin awa 24 na farko.

Ku horar da ma'aikata su riƙa duba baki da ƙafa da wuya, da hotunan fata irin tamu. Ku ɗauke wa mai HIV kuɗin binciken tsoka in kaluluwa ta ƙi jin maganin tarin fuka. Ku faɗaɗa asusun sankara ya haɗa da Kaposi da sankarar kaluluwa. Kwamishinoni kuma, ku kira malamai da limamai da fastoci da malaman Islamiyya mata ku zauna da su, domin jinin da ba na al'ada ba wajensu ake fara kai shi kafin a kai wa likita. Kalma ɗaya daga bakin malama, je ki asibiti, ta fi fosta ɗari.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da shirin duniya na kawar da sankarar bakin mahaifa da aka ƙaddamar a watan Nuwamban 2020, mai burin a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi, a duba kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na masu ciwon magani kafin 2030. Mu ne rukunin matan da kuka fi sauƙin samu. Kuna da sunayenmu a rijista, kuna da lambobin wayarmu, kun san ranar da kowace za ta zo. In mace ta yi kwana biyu ba ta zo karɓar magani ba, ana kiranta, har gida ana bin ta. Abin da ya rage a ƙara layi ɗaya a katin nan da muke riƙewa: ranar da aka duba bakin mahaifa, da ranar da za a sake dubawa.

Asabar ɗin ƙarshen wata za mu haɗu a gindin darbejiya kamar kullum. 'Yar ƙawata marigayiya za ta zo, shekararta 13, an yi mata allura ɗaya a makaranta, ita ma da cutar aka haife ta. Na yi wa kakarta alkawarin zan nemo inda za a yi mata ta biyu. Muna sauraron amsarku.

Wassalam. Allah ya ƙara muku lafiya.

Taku,
Wata uwa mai aikin sa-kai, a madadin 'yan ƙungiyarmu.